Mai Juya Hanya

Ƙarfe biyun dare a Bayan Lepas,
ruwa na dukan rufin masana'anta, mu ba ma ji.
Nan ciki sai sanyin na'ura, da farar riga har idon sawu,
da igiya a wuyan hannuna
don kada wutar jikina ta kashe abin da zan taɓa.

Abin da zan taɓa bai fi ƙwayar riɗi ba.
Da matsefata nake ɗaukarsa,
in ya suɓuce, sai dai a yi haƙuri.
Ba ya ƙara wa murya ƙarfi, ba ya ajiye hoton kowa.
Shi dai ƙofa ne.
Ya buɗe wannan, ya rufe waccan,
ya ce wa eriya, yanzu faɗi,
ya ce mata, to, yanzu saurara,
sau nawa, sau nawa,
kafin Bee Leng ta kujerar kusa da ni ta gama hamma.

Aikin mahaifina ke nan, Periasamy,
sai dai nasa makunnin ƙarfe ne mai kaiwa ƙugu.
Shekara talatin da ɗaya a mararrabar Gemas,
ya ja, layin dogo ya karkata,
jirgin gabas ya kama gabas, na arewa ya wuce da kukansa.
Ba fasinjan da ya taɓa leƙowa ya ce sannu.
Yakan ce, Vasugi,
duk ranar da aka tambayi sunan mai juya hanya,
an yi ɓarna.

Daren nan faranti na goma sha bakwai ya ƙi.
Idan ƙofa ta rufe,
koren zaren da ke kan allo kwanciya yake yi a ƙasa.
Wannan ya ɗaga kai.
Injiniya Zulkarnain ya zo da ƙoƙon shayinsa a ransa,
shayin kuwa na can waje yana hucewa.
Ya ce wataƙila waya ce. Ya sauya waya.
Ya ƙara ɗaure baki, ya share, ya sake aunawa.
Zaren na nan tsaye.
Ƙofar a rufe take, in ji shi, amma tana yoyo,
muryar mai faɗa na malala cikin kunnen mai sauraro.
Guda dubu huɗu, na juye su a jan akwati,
ƙararsu kamar tsakin shinkafa.

Na san wannan ciwon, ban dai faɗa masa ba.
Tun da jini ya bugi Baba, harshensa ya yi nauyi,
kalma ɗaya takan tsaya a tasha kamar jirgin kaya.
In na kira shi ran Lahadi,
yana kan "ka", na riga na ce "kafi?"
yana kan "ma", na ce "magani? An sayo."
Ni ina ganin taimako ne.
Shi sai ya yi shiru, ya miƙa wa Amma wayar.

Ƙarfe bakwai na cire igiyar, na rataye rigar.
Motar ma'aikata ta hau gada,
teku fari fat, ba a raba shi da sama.
Ba Lahadi ba ce. Na kira.
Cikin wayar tawa akwai irin ƙwayar nan,
wa ya sani ko ta bi ta ƙarƙashin matsefatata.

Ya ɗauka. Numfashi.
Na cije leɓe.
"Ru," in ji shi.
Muka wuce ginshiƙin gada ɗaya, biyu,
Bee Leng na gyangyaɗi a kafaɗata,
uku, huɗu, amsar na cin harshena,
biyar.

"Ruwan," in ji shi, "ya taɓa ki?"